Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan ikkilisiyoyin arewacin Kamaru kan kallon batsa da fargaba a tsakanin matasanmu

Iyayenmu cikin Ubangiji, fastoci, masu bishara, katikis, dattawa, shugabannin zumuntar mata da na zumuntar matasa, tun daga Ngaundare har Garwa, Marwa, Mokolo, Yagwa da Kusiri, muna gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Barkanku da aiki, Allah ya ƙara ƙarfi.

Mu 'ya'yanku ne da ƙannenku masu aikin jinya, koyarwa da ba da shawara. Mun kawo muku wata magana mai nauyin faɗa, kuma a yi mana gafara idan mun ambaci abin da ba a saba ambata a gaban manya ba. A cikin yaran da ke rera waƙa ranar Lahadi, da masu koyar da ƙananan yara, har da magidanta masu ɗaukar baiko, akwai waɗanda kallon batsa ya kama, suna so su daina sun kasa, fargaba kuma tana cin su dare da rana. Yawancinsu ba za su taɓa zuwa wurinku ba, domin sun ga abin da ya sami wanda ya faɗa. Roƙonmu shi ne ikkilisiya ta tanadar musu hanyar da za su furta a asirce, a riƙe hannunsu na watanni, da addu'a da kuma matakan da ake gani da ido.

Tun da intanet mai sauri ta shiga wayoyin ƙasar nan a 2014 da 2015, abin da da sai an je wani lungu a nema ya dawo cikin aljihu. Amma kada a ɗauka data ce kaɗai ƙofa. Yaro zai kai wayarsa shagon caji, ya ba da sefa ɗari ko ɗari biyu a tura masa waƙoƙi da fina-finai a memori, a cikinsu a cusa masa bulu fim. A bayan aji a tura wa juna ta Xender ba tare da ko ɗigon data ba. A rukunin WhatsApp na 'yan aji ɗaya wani ya jefo bidiyo, waya ta sauke shi da kanta. Da yawa ba su je nema ba a karon farko, zuwa ya yi ya same su.

Abin da ya kamata a fahimta sosai shi ne yadda batsa da fargaba suke ciyar da juna. Saurayi na kwance, jarrabawar Probatoire ko Bac na matsowa, kuɗin makaranta bai cika ba, ko ya gama jami'a shekara uku babu aiki. Gabansa na faɗuwa, barci ya ƙi zuwa. Ya ɗauki waya ya kalla, na ɗan lokaci tunanin ya lafa. Ƙwaƙwalwa tana riƙe duk abin da ya kawo mata sauƙi nan take, don haka gobe da damuwar ta taso, hannu ya kai ga waya tun kafin ya yi shawara. Bayan ya gama sai kunya ta rufe shi, ya ce Allah ya gaji da shi, ya kasa buɗe baki ya yi addu'a, ya fara zama a bencin ƙarshe, ya daina zuwa koyon waƙa. Kaɗaici ya ƙaru, fargaba ta ƙaru, maganin da ya sani kuma guda ɗaya ne. Kamar mai ƙazuwa ne, susa tana ba shi daɗi na minti ɗaya, ta bar masa gyambo. Wanda ya ga zunubin kaɗai bai ga damuwar da ke ƙarƙashinsa ba, zai yi ta tsawa yaron na ƙara nitsewa.

Ba mu rage wa maganar Ubangiji ƙarfi ba. Matiyu 5:28 a sarari take, kallon sha'awa zunubi ne, kuma masana'antar nan tana cin mutuncin mutanen da Allah ya halitta cikin kamanninsa. Inda muke roƙon a sake dubawa shi ne yadda ake bi da wanda ya zo da kansa ya furta. A wurare da dama, da zarar ya faɗa wa dattijo, magana ta kai zaman majalisa, a sanar da horo a gaban jama'a, a hana shi Jibin Ubangiji wata shida, kafin la'asar unguwa duka ta ji. Sauran matasa goma da ke zaune suna kallo sun koyi darasi ɗaya: kada ka kuskura ka faɗa. Amma Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, mai komowar kuma ya lura da kansa. Matiyu 18:15 ta fara da magana tsakanin mutum biyu kawai. Har mutumin Koranti da aka hora, Bulus ya ce a yafe masa, a ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki mai yawa ya haɗiye shi, kamar yadda yake a 2 Korintiyawa 2:6-8. Horon fili yana da wurinsa, ga mai taurin kai da wanda ya cuci wani. Wanda ya zo da hawaye yana neman taimako ba shi ne wannan ba.

Kuma ba duk mai kuka ne ciwonsa ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtuka na 11 da aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a Janairun 2022, ta sanya halin jima'i da mutum ya kasa sarrafawa cikin matsalolin lafiya. Alamunsa su ne mutum ya yi ta ƙoƙarin dainawa yana kasawa, abin ya zama cibiyar rayuwarsa har ya yi sakaci da karatu, aiki, iyali ko lafiyarsa, ya ci gaba ko da ba ya jin daɗinsa kuma, na tsawon wata shida ko fiye. Kundin ya kuma ce zafin lamiri kaɗai bai isa a kira shi cuta ba. Wannan yana da amfani ga mai kiwon rayuka. Yarinyar da ta gani sau biyu ta kwana wata guda tana kuka tana cewa ta yi saɓon Ruhu Mai Tsarki, abin da take buƙata shi ne a karanta mata 1 Yahaya 1:9 da Romawa 8:1, a tabbatar mata an gafarta, a gyara mata waya, a sallame ta da salama. Idan aka ɗora mata azumin kwana bakwai aka ce tana da mijin dare, an dasa mata fargabar da za ta ɗauki shekaru. Wanda kuwa yake kai wa ƙarfe uku na dare kullum, ya faɗi jarrabawa, ya cinye jarinsa a data, shi ne ke buƙatar doguwar tafiya.

Tafiyar nan tana farawa da mutum ɗaya. Kowace ikkilisiya ta zaɓi aƙalla namiji ɗaya da mace ɗaya, masu shekaru, waɗanda aka san bakinsu da nauyi, ta sanar cewa duk mai irin wannan damuwa zai iya zuwa wurinsu ba tare da sunansa ya kai majalisa ba. Namiji ya riƙe namiji, mace ta riƙe mace, babu togiya, ko da fasto ne. Su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, minti talatin ya isa, aƙalla wata uku a jere, a ranar da aka tsayar, domin idan aka ce "ka zo in ka ji nauyi", ranar da ya fi buƙata ita ce ranar da ba zai zo ba. Abokin tafiyar ya tambayi abu uku: yaushe jarabar ta fi ƙarfi a makon nan, me ya faru kafin ta zo, me ka yi. Kada ya tambayi abin da aka kalla dalla-dalla, wannan yana tayar da hoton a kai, yana kuma iya zama tarko ga mai tambayar. Kada a rubuta suna a littafi, kada a tura labarin ta WhatsApp, kada a kai shi taron addu'a da sunan "mu tuna da wani ɗan'uwa mai buga ganga". Kowa ya san mai buga ganga. Yakubu 5:16 ta haɗa furta zunubi ga juna da warkewa, kuma asiri ɗaya da ya tonu ya isa ya rufe wannan ƙofa ga tsara guda.

Sai waya. A nan muke so dattawa su zauna su koya da hannunsu, ko su sa wani matashi amintacce ya nuna musu. A wayar Android daga ta 9 zuwa sama, irin su Tecno, Itel, Infinix da Samsung, a shiga Paramètres, a rubuta DNS a wurin nema, a buɗe DNS privé, a zaɓi wurin rubuta sunan mai bayarwa, a rubuta family.cloudflare-dns.com, a ajiye. Kyauta ne, kuma yana tare mafi yawan shafukan batsa, ko da data ake ko da wifi. A kunna SafeSearch a Google, wato matattarar da ke ɓoye sakamakon batsa a bincike. A WhatsApp a shiga Stockage et données a kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye, sannan a Confidentialité a gyara Groupes yadda baƙo ba zai jefa mutum cikin rukuni ba. Mai iPhone ya yi amfani da Temps d'écran, sashen takaita abin da ake buɗewa a wayar. Ga yara ƙanana, iyaye su sa Family Link, manhajar Google ta kula da wayar yaro.

Ga inda aikin yake lalacewa. Idan mai wayar ne ya san lambar sirri, zai cire shingen cikin daƙiƙa goma ranar da jaraba ta yi ƙarfi, don haka a kulle Paramètres da Play Store da makullin manhaja, abokin tafiya ya riƙe lambar. Manhajar VPN tana zagaye shingen gaba ɗaya, Opera Mini ma tana iya wucewa domin tana bi ta na'urorin kamfaninta, sai a cire su. Shingen ba ya ganin abin da ke cikin Telegram, X (tsohon Twitter), ko rukunin WhatsApp, ba ya kuma ganin memori. Waɗannan sai an zauna tare an fita daga rukunonin, an goge asusun da ake bi, an share memori ɗin baki ɗaya, an duba ɓoyayyun ma'ajiyai masu kama da kalkuleta. Wanda ya faɗi sau da yawa duk da haka, ya koma ƙaramar waya mai maɓalli na wata uku. Zai ce sana'arsa na buƙatar WhatsApp, wani lokaci gaskiya ne, to sai babbar wayar ta riƙa kwana a shago ko a hannun wani. Yesu ya yi maganar cire ido da yanke hannu a Matiyu 5:29-30, ajiye waya abu ne mai sauƙi ƙwarai a kan wannan. Yusufu ma a Farawa 39 bai tsaya gwada ƙarfinsa ba, rigarsa ya bari ya gudu.

Mafi yawan faɗuwa da dare take, tsakanin sha ɗaya da ƙarfe biyu, lokacin da jiki ya gaji, gida ya yi shiru, data kuma ta fi araha. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin Garwa da Marwa ke wuce maki 40, barci kan yi wuya, mutum na juyi a tabarma da waya a gefen kai. Doka ɗaya ta fi sauran aiki: daga ƙarfe goma waya ba ta kwana inda mutum yake kwana. A sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa da tocila, don kada a ce ana buƙatar wayar don tashi ko don haske idan wuta ta ɗauke. Littafi Mai Tsarki na takarda ya koma gefen shimfiɗa, domin mai karanta Zabura a waya yatsa ɗaya ne tsakaninsa da abin da yake gudu. Ɗalibin da ke haya shi kaɗai a kusa da jami'a ya nemi abokin ɗaki.

A koya musu kuma cewa sha'awar tana tashi ta kai ƙololuwa ta sauka da kanta, galibi cikin minti ashirin zuwa talatin, idan ba a biye mata ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a rubuta tsarin tun da rana: in ta zo, zan tashi tsaye, in bar ɗakin, in wanke fuska, in kira wane, in zagaya tsakar gida ina faɗar ayar da na haddace da murya. 1 Korintiyawa 10:13 ta yi alkawarin hanyar fita tare da kowane gwaji, kuma sau da yawa hanyar ita ce ƙofar ɗaki. Cewa "ba zan yi tunaninsa ba" kawai ba ya aiki, ƙoƙarin danne tunani yana ƙara dawo da shi. Dole a cika wurin da wani abu, kamar yadda Afisawa 4:28 ba ta tsaya ga hana ɓarawo sata ba, ta sa shi aiki da hannu. Ƙwallo da yamma, koyon ɗinki ko gyaran babur, ziyarar marasa lafiya, duk suna cikin magani.

Zai sake faɗuwa, mai yiwuwa fiye da sau ɗaya, kuma gara a gaya masa tun farko. Haɗarin da ya fi faɗuwar shi ne tunanin "tunda na ɓata, bari in ƙarasa", wanda ke mayar da daren guda ya zama mako guda. A yi yarjejeniya: ya faɗa wa abokin tafiya kafin awa ashirin da huɗu, su nemo ramin da aka bi, su toshe, su yi addu'a, ya zo sujada ranar Lahadi ya zauna inda ya saba. Ba ma son yawan ƙirga kwanaki, domin wanda ya kai kwana sittin ya faɗi yakan ji kamar komai ya rushe. Ya fi kyau a duba wata da wata: da kullum ne, yanzu sau biyu, kuma yanzu yana faɗa da bakinsa. Karin Magana 24:16 ta san adali yana faɗuwa har sau bakwai yana tashi. A kuma daina tsoratar da su da abin da ba gaskiya ba, cewa zai makantar da su ko ya hana su haihuwa. Babu hujjar likita a kan haka, kuma ranar da yaro ya gano ƙarya ce zai yi shakkar sauran abin da aka gaya masa.

Fargabar kanta tana buƙatar kulawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. A Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga akwai 'yan'uwan da suka gudu daga hare-haren Boko Haram, waɗanda ƙarar babur da dare ta isa ta hana su barci har asuba. Idan aka karanta wa irin wannan Filibiyawa 4:6 da muryar tsawa, sai ya ƙara laifin rashin bangaskiya a kan kayansa. Ayar gayyata ce, kuma ta faɗi abin yi: a kai roƙo, tare da godiya. Ana iya mayar da ita aiki na kullum. Kafin magariba mutum ya ware minti goma sha biyar, ya rubuta abin da ke damunsa, ya raba biyu. Wanda zai iya taɓawa, ya rubuta mataki ɗaya na gobe. Wanda ya fi ƙarfinsa, ya ambace shi da suna a gaban Allah bisa ga 1 Bitrus 5:7, ya ƙara abu uku na godiya, ya rufe littafin. Idan gaba ya fara faɗuwa, ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga huɗu, ya fitar a hankali yana ƙirga shida, na minti biyar, yana maimaita farkon Zabura 23 a zuci. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. Tafiyar ƙafa ta minti talatin, kwana biyar a mako, tana taimakawa sosai. Shayi mai kauri, Nescafé da goro su tsaya daga azahar, domin kusan rabin sinadarin hana barci da ke cikinsu yana nan a jini bayan awa biyar.

Ku tuna da Iliya a 1 Sarakuna 19. Ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace, abin da Allah ya fara aiko masa shi ne abinci, ruwa da barci, har sau biyu, kafin a yi magana. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Don haka tura mutum asibiti ba gazawar addu'a ba ce. A tura shi idan fargabar ta ɗauki watanni tana hana shi aiki, idan zuciya na bugawa da ƙarfi tare da rawar hannu da rama, domin ciwon maƙoƙo da ƙarancin jini suna iya kama da fargaba, ko idan ya daina cin abinci da barci. Magungunan da likita ke bayarwa irin su fluoxetine sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji amfaninsu, kuma ba a yanke su rana ɗaya, kada wani ya ce masa ya zubar don ya nuna bangaskiya. A gargaɗe shi kan sayen diazepam ko tramol a tebur ko a hannun mai yawo, domin suna kama jiki, sai a fita daga sarƙa ɗaya a shiga wata. Idan kuwa ya ce gara ya mutu, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da sauran magunguna daga ɗakin, a kai shi asibiti a ranar.

Iyayenmu mata, 'yan mata ma suna ciki, kuma kunyarsu ta ninka domin kullum wa'azin yana magana kamar matsalar maza ce kawai. Matar da ta gano a wayar mijinta, kada a ce mata laifinta ne don ba ta kwalliya. Ta ji ciwo na gaske, tana buƙatar mai sauraronta, kuma kada a mayar da ita 'yar sandan wayarsa, wannan aikin wani namiji ne. Kada kuma a gaggauta aurar da saurayi da sunan magani, yawanci da halin yake shiga ɗakin amarya.

Akwai inda riƙon asiri yake ƙarewa, kuma a faɗa wa kowa tun zaman farko. Idan hotunan yara ne, ko babba yana nuna wa yaro, ko yana taɓa shi, wannan laifi ne da dokar ƙasa kan laifukan intanet mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 da dokar hukunta laifuka suka tanadar wa hukunci. A raba shi da yara nan take, a sanar da 'yan sanda ko jandarma da ofishin jin daɗin jama'a, ko ɗan wane ne. Wanda kuma aka yaudara ya tura hoton tsiraicinsa ana neman kuɗi a wurinsa, kada ya biya, domin biya yana jawo sabuwar buƙata. Ya adana saƙonnin a matsayin shaida, ya toshe lambar, wani babba ya raka shi kai ƙara.

Muna roƙo a sa wannan magana a zaman majalisar dattawa mai zuwa, a fitar da sunayen mutum biyun nan, a sanar da su daga bagadi da bakin fasto, a kuma ware yammacin Asabar ɗaya da iyaye za su zo da wayoyin gidansu a gyara su tare.

Naku cikin Almasihu,
Wasu 'yan'uwa ma'aikatan lafiya, malamai da masu ba da shawara daga ikkilisiyoyin arewacin Kamaru